Injin yana shagona a Garwa, lissafinsa yana Duwala: wa ke da haƙƙin gani?

Baban Hafsat (Garwa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu aiki da injin fotokopi na haya ce, irin wanda ake biya gwargwadon shafin da aka buga. Nawa na wani kamfani ne a Duwala, ba zan kama suna ba. Tun da aka kawo shi aka jona shi da intanet, kuma duk ƙarshen wata sai dai in ga takardar kuɗi ta WhatsApp: baƙi shafi kaza, mai kala shafi kaza, biya kaza. Yaran shagona suna rubuta duk aikin da ya shigo a littafi, amma littafin da takardar tasu ba sa haɗuwa, kuma kullum tasu ce a sama. Na nemi a ba ni lissafin dalla-dalla, kowace rana da abin da aka buga a cikinta, aka ce wannan bayanin kamfani ne. Na nemi lambar sirrin shiga injin, aka ce ba a ba mai haya. Kwanan baya ya tsaya ana tsaka da haɗa dosiyen konkur, wato takardun neman shiga jarrabawar gasa ta ɗaukar aiki ko makaranta, mai gyaranmu na nan ya zo ya ce ba abin da zai taɓa sai ya ga tarihin matsalolin da injin ya ajiye, shi kuma yana kulle. Ni ke biyan haya, ni ke biyan wuta, kuma da intanet ɗina yake kai musu labari. Ina da haƙƙin ganin abin da yake aikawa ko ba ni da shi? In na samu, zan iya miƙa wa mai gyaran da na ga dama?

Mai Gyara (Marwa):
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a kai ga haƙƙi bari in faɗa maka abin da injin ke aikawa, don da yawa ba su sani ba. Manyan injinan ofis na yanzu, ko Ricoh ne, ko Canon, ko Kyocera, ko Konica Minolta, kowanne da hanyar da yake kai rahoto gida. Yana faɗin lambar jikinsa, yawan shafin da ya buga baƙi da mai kala, girman takardar, ragowar tawada, sau nawa takarda ta maƙale da inda ta maƙale, shafi nawa tambur, wato gangar da ke ɗora tawada a kan takarda, ya yi tun da aka sa shi, da duk lambar matsalar da ta taɓa fitowa da ranarta. Da haka suke sanin tawadarka ta kusa ƙarewa tun kai ba ka lura ba.

Saɓanin lissafin kuwa ba lalle sata ba ce. In an kawo katin ɗan ƙasa, yaronka ya buga gaban, ya mayar da takardar ya buga bayan, ɗaya zai rubuta a littafi, inji kuwa biyu ya ƙirga. Babbar takarda A3, injina da yawa biyu suke ƙirga ta. Babbar matsalar ita ce in an bar inji ya zaɓi kala da kansa: takarda duk baƙa ce amma akwai jan hatimi a ƙasa ko sa hannu da shuɗin alƙalami, sai ya sa ta a mai kala. Kai ka karɓi dala biyar, wato sefa ashirin da biyar, su kuma su rubuta maka kuɗin kala. Takardun haihuwa da na makaranta kuwa ai duk hatimi ne. Ga wanda ya lalace aka jefa a kwando, ga gwajin da ma'aikacinsu ke bugawa in ya zo. Duk wannan yana rubuce a cikin injin. Da za a buɗe mana, kafin a sha shayi an gano inda ramin yake.

Baban Hafsat (Garwa):
To ka ji, Malam. Rabin aikina lokacin konkur takardu masu hatimi ne. Ni ban ce an cuce ni ba tukuna, cewa na yi a nuna mini. Mai awo ya juya maka baya ya auna, sannan ya juyo ya ce mudu goma ne. Ko da gaskiya ya faɗa, ranka ba zai kwanta ba.

Maman Ummi (Gaundare):
Mu ma a ofishin makarantarmu haka ne. Lokacin jarrabawar gwaji ta BEPC da Probatoire muna buga takardu ba dare ba rana, kuma kwamitin iyaye ne ke biya. Su tambaye ni aji nawa ya ci takarda nawa, ni ba ni da amsa sai jimillar da aka turo. An ce injin yana iya raba lissafi, kowane malami da lambarsa. Gaskiya ne?

Mai Gyara (Marwa):
Gaskiya ne Hajiya, kusan duk manyan suna yi. Amma sai wanda ke da kalmar sirrin shugaban injin zai kunna shi.

Wakili (Kusiri):
Bari in sa baki, tunda ni wakilcin irin wannan kamfani nake yi, muna ba da haya a Kusiri da tsallaken gada. Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba don raini ake hana lambar nan ba. Injin na miliyoyin sefa ne, kuma har yanzu dukiyar kamfani ce. Cikinsa akwai wurin da in mutum ya shiga zai iya sauya zafin da ke gasa tawada, ya ɓata saitin kala, ko ya mayar da ƙidayar sassa baya. Mun sha ganin wanda ya je ya samo garin tawada na kasuwa ya ɗura, tambur ya mutu, sannan ya kira mu ya ce injinmu ne ba kyau. Mun ga wanda ke aiki da janareta ba na'urar daidaita wuta. Ƙurar hunturu da zafin Maris da Afrilu na yankin nan kaɗai sun ishi inji, balle a ƙara masa hannun da bai ƙware ba. In kowa zai shiga ya taɓa, wa zai ɗauki asarar?

Mai Gyara (Marwa):
Wakili, abu biyu ka haɗa wuri ɗaya. Akwai ɗakin masu gyara, inda ake sauya saiti, wannan ku riƙe abinku, ba wanda ya ce ku bayar. Akwai kuma karantawa kawai: ƙidaya, tarihin aiki, tarihin matsala. Karanta lamba ba ya ƙona tambur. Yawancin injinan ma in ka rubuta lambar IP ɗinsu a burauza daga kwamfutar da ke layi ɗaya da su, shafinsu zai buɗe, kuma ana iya ba mutum izinin gani ba tare da izinin taɓawa ba. Masu ƙerawa sun tanadi hakan. Ku ne ke rufewa gaba ɗaya.

Kuma abin da ka ambata na wuta shi ya fi ƙona mini rai. Inji ya mutu, ku ce tarihinsa ya nuna laifin wuta ne, don haka mai haya zai biya. Wa ya ga tarihin? Ku kaɗai. Ku ne masu ƙara, ku ne masu shaida.

Ɗan Garwa a Beljik:
Salam jama'a. Yaya Baban Hafsat, abin da kake tambaya an yi masa doka sukutum a nan Turai, kuma tunda a kamfanin da ke kula da injinan ofis nake aiki, ta shafe mu kai tsaye. Sunanta Data Act, lambarta 2023/2854. An sa mata hannu a Disamban 2023, ta zama doka ranar 11 ga Janairun 2024, aka fara aiki da ita ranar 12 ga Satumban 2025. Ba injin fotokopi kaɗai ta shafa ba, duk abin da ke tara bayani game da aikinsa kuma yake iya aikawa: mota, tarakta, firiji, injin masana'anta, na'urar asibiti.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda ta ɗauka a matsayin mai amfani. Ba mai mallaka kaɗai ba, har wanda ya ɗauki haya, mutum ne ko kamfani. Wato da shagonka a Biruksel yake, zancen "injin namu ne" ba zai hana ka komai ba. Tun kafin ka sa hannu dole a gaya maka irin bayanan da injin zai riƙa tarawa, yawansu, inda ake ajiye su, da yadda za ka same su. In ka nema, a ba ka ba jan ƙafa, kyauta, a tsarin da kwamfuta za ta iya karantawa, kuma ingancinsu daidai da wanda ke hannun kamfanin. Wannan sashe na 3 da na 4 ke nan. Sashe na 5 shi ne amsar tambayarka ta biyu: kana iya cewa a tura wa wani da ka zaɓa, kamar mai gyara mai zaman kansa, kuma dole a tura. Sannan kamfanin kansa ba zai yi amfani da bayanan injin ba sai da yarjejeniya tsakaninsa da kai, kuma an hana shi ya yi amfani da su ya leƙa yanayin kasuwancinka ta hanyar da za ta raunana ka. Ka duba wannan da kyau. Wanda ya san shafi nawa kake bugawa kowace rana ya san cinikinka fiye da ɗan uwanka, ya san watan da kake cikin ƙunci, ya san lokacin da ba za ka iya cewa a'a ba in ya ƙara kuɗi.

Injinan da za su shiga kasuwar Turai bayan 12 ga Satumban 2026 kuwa, tun daga ƙira za a yi su yadda mai amfani zai iya kaiwa ga bayanansa.

Abu Amir (Njamena):
Ma sha Allah. Amma ɗan uwa, mu da ke bakin Shari ina ruwanmu da dokar Biruksel? Rabin injinan da ke Njamena daga Turan aka kawo su, tsofaffi, ta tashar Duwala. Dokar tana biyo inji?

Ɗalibar Shari'a (Gaundare):
Ba ta biyo shi, Baba. Masu amfani da ke cikin Tarayyar Turai take karewa. Kamfanin Japan ko na Amurka in ya sayar a can dole ya bi ta, amma inji yana sauka Duwala kariyar ta tsaya a baya. Kada kowa ya je wa kamfani da ita yana cika baki, za a yi masa dariya.

Abin da muke da shi a gida daban ne. A Kamaru akwai doka mai lamba 2024/017 ta 23 ga Disamban 2024 kan kare bayanan mutane, wadda ta ba kamfanoni wata 18 su daidaita. A Cadi akwai 007/PR/2015, kuma hukumar gwamnati mai suna ANSICE ce ke kula da ita. Amma su bayanan da suka shafi mutum suke karewa, suna, hoto, lambar waya, zanen yatsa. Yawan shafi da ragowar tawada ba su shiga ciki, sai in an ɗaura su da sunan wanda ya buga. Dokar kare masu saye ta 2011, wato 2011/012, ta ba da haƙƙin samun bayani, sai dai ta fi karkata ga wanda ya sayi abu don amfanin kansa da iyalinsa, ba don sana'a ba, don haka ƙofar mai shago a nan ƙarama ce.

Inda nake ganin Alhaji yana da ƙafar tsayawa shi ne tsohuwar dokar farar hula da har yanzu ake aiki da ita a yankinmu. Sashe na 1315 ya ce wanda ke neman a biya shi, shi zai kawo hujja. In sun ce shafi kaza ka buga, kuma ka musa, a kansu yake su nuna daga ina lambar ta fito. Sashe na 1134 kuma ya ce yarjejeniya doka ce a kan waɗanda suka ƙulla ta, kuma a cika ta da kyakkyawar niyya. Ma'ana duk abin da Turawa suka samu ta majalisa, kai kana iya samun kusan irinsa ta kwantiragi, in ka sa an rubuta kafin ka sa hannu.

Baban Hafsat (Garwa):
Allah ya yi miki albarka 'yata. Na ɗauko kwantiragin na duba. Da Faransanci ne, kuma abin da ya faɗa kan wannan layi ɗaya ne, cewa ƙidayar da kamfani ya ɗauko daga nesa ita ce abin dogaro. Babu inda aka ce zan gani, babu inda aka ce ba zan gani ba.

Ɗalibar Shari'a (Gaundare):
To wannan layin zai yi maka nauyi, Baba, don ka yarda da ƙidayarsu. Amma yarda da ƙidaya bai zama yarda da a ɓoye ta ba. Ka rubuta musu wasiƙa, ba saƙon murya ba, ka nemi rahoton watannin da kake shakka, ka ajiye kwafi da shaidar sun karɓa. Kuma ka kai wa lauya kwantiragin ya karanta gaba ɗaya, ni ɗaliba ce tukuna.

Wakili (Kusiri):
Ina jin ku, amma ku ma ku ji ni. Abin da ke sa hayar ta yi sauƙi shi ne kamfani yana samun nasa a tawada da gyara. In aka ce kowane mai gyara a ba shi komai, gobe ya zo ya ce wa Alhaji zai yi masa rabin kuɗi, da iliminmu, da kayan aikinmu. Wa zai ci gaba da ɗauko inji daga waje ya ajiye maka ba ka biya miliyoyi ba? Su Turawan ma ban yarda sun buɗe komai ba.

Ɗan Garwa a Beljik:
Ba su buɗe komai ba, gaskiyarka. Abin da inji ya tara kai tsaye, da wanda aka ɗan gyara don ya karantu, shi ake bayarwa. Abin da kamfani ya sa basirarsa ya ciro daga ciki, kamar hasashen ranar da wani sashe zai mutu, nasa ne. In akwai sirrin sana'a, sai an yi yarjejeniyar kiyaye shi kafin a bayar, kuma in aka karya ana iya dakatarwa. Wanda ya karɓi bayanan ba zai ƙera inji mai gasa da naka da su ba. Shi mai gyaran da aka tura wa ana iya cajinsa kuɗi daidai misali, sai dai in ƙaramin kamfani ne ba za a wuce abin da aka kashe wajen tura masa ba. Ƙananan masu ƙira, waɗanda ma'aikatansu ba su kai 50 ba kuma cinikinsu bai wuce Yuro miliyan 10 a shekara ba, an ɗauke musu nauyin. Manyan dodannin intanet kuma, irin su Alphabet da Amazon da Meta da Microsoft, an hana a tura musu ta wannan hanyar, don kada a ƙwace daga hannun babba a miƙa wa wanda ya fi shi.

Amma gasa a gyara, wannan da gangan aka buɗe ta, Wakili. Ita ce ma manufar. Kuma akwai dalili. A 2016 HP ta tura wa wasu firintocinta sabuntawa da ta sa suka daina karɓar tawadar da ba tata ba, mutane suka wayi gari abin da suka saya da kuɗinsu ya ƙi aiki. A 2020 hukumar gasa ta Italiya ta ci ta tarar Yuro miliyan 10 saboda ba ta yi wa masu saye bayani yadda ya kamata ba. Igiyar da ke kai rahoto ita ce kuma ke kawo umarni.

Mai Gyara (Marwa):
Ni kuma Wakili, in ma'aikacinku yana Garwa ko Marwa, wa zai kira ni? Daga Duwala yake tasowa, ya bi Yawunde, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Gaundare, sannan ya hau mota. Kafin ya iso an rufe karɓar dosiye. Sau da yawa kuma abin da ya tsayar da injin ɗan roba ne mai jan takarda da ƙura ta cinye, ko na'urar gane takarda da ke son a goge. Lambar matsalar kawai zan gani in san wanne ne. Ba abincinku nake nema ba, aikin da ba ku iso ba nake yi.

Malam Babba (Garwa):
Assalamu alaikum. Ni ba ma'abocin inji ba ne, ɗana ne ke da shagon, amma ina karantawa. Abin da nake tunatarwa shi ne aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma wanda bashin ke kansa shi aka ce ya yi shiftar. Cinikin da ɗaya ya san adadi ɗaya bai sani ba, malamai sun daɗe suna gargaɗi a kansa. Wakili, ɗana, nuna wa mutum lissafinsa ba ya rage maka halak ɗinka.

Wakili (Kusiri):
Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma ban musa ba.

Abu Amir (Njamena):
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce, amma abin yana damuna. A ofishin wani ƙaramin asibiti nake, kuma ni ba ƙidaya ce ke hana ni barci ba. Sakamakon gwajin jini, takardun masu ciki, katin mutane, duk ta kan gilashin injin nan suke bi. Su ma suna tafiya Duwala ne?

Mai Gyara (Marwa):
A tsarin da aka saba, a'a. Rahoton nesa lambobi ne, ba hoton takarda ba. Amma akwai wani abin da ya fi wannan. Manyan injinan suna da faifan ajiya a ciki kamar na kwamfuta, kuma hoton abin da aka kwafa ko aka yi wa sikan yana iya zama a kai in ba a kunna gogewa ba. Na taɓa buɗe tsohon inji da aka kawo daga Turai, akwatin ajiyarsa cike da takardun wani ofishi, da sunaye da adireshin imel na ma'aikatansu, ba wanda ya goge. Na share su kafin in miƙa wa mai shi. Ranar da hayarku ta ƙare aka zo ɗaukar injin, da faifan zai tafi.

Ɗan Garwa a Beljik:
Wannan ya taɓa zama babban labari a Amurka. A 2010 gidan talabijin na CBS ya sayi tsofaffin injina huɗu a wani sito a New Jersey, aka ciro dubban takardu daga faifansu, har da na 'yan sandan Buffalo da bayanan lafiyar mutane. Kamfanin inshorar lafiya da ya mayar da injinan haya bai goge ba, Affinity Health Plan, ya biya sama da dalar Amurka miliyan 1.2 a 2013. Ka lura, ba mai injin aka kama ba, wanda ya yi haya aka kama.

Ɗalibar Shari'a (Gaundare):
Nan ne dokokinmu ke da haƙora, Baba Abu Amir. Takardun marasa lafiya bayanan mutane ne, kuma asibitin ne ke da alhakin tsare su. Don haka kuna da hujja mai ƙarfi ta neman kalmar sirrin shugaban injin, tunda ba za ku iya tsare abin da ba ku da ikon gogewa ba. Ku sa a rubuta cewa ranar mayarwa za a goge faifan a gabanku a ba ku takardar shaida, ko a cire a bar muku shi ku biya kuɗinsa.

Maman Ummi (Gaundare):
To na'urar danna yatsa fa? An sa mana ita a ƙofar ofis don a san lokacin zuwan malamai. Wanda ya sa ta shi ke turo wa shugaban makaranta rahoto, kuma da shi ake yanke albashin wanda ya makara. Wata malama ta rantse ta zo da wuri ranar da aka rubuta mata latti, ta nemi a nuna mata, aka ce ba ta da hurumi. Har kuka ta yi a ofishina.

Ɗalibar Shari'a (Gaundare):
Tana da hurumi, Hajiya, fiye ma da na Alhaji. Zanen yatsanta ne da lokacin shigarta, bayaninta ne na kanta, kuma dokar 2024 ta ba mutum haƙƙin ganin abin da aka ajiye game da shi da neman a gyara in kuskure ne. A wurin makarantar za ta nema, ba a wurin mai na'urar ba, don makarantar ce ta sa a tara.

Mai Gyara (Marwa):
Hajiya ku duba agogon na'urar ma. In ƙaramin batirin cikinta ya mutu, duk ɗaukewar wuta agogon na iya kaucewa, sai ta riƙa rubuta lokacin da ba shi ba. Ku danna yatsa, ku dubi wayarku, ku dubi abin da ta nuna.

Baban Hafsat (Garwa):
Shawarar da nake kawowa ita ce kada kowa ya tafi shi kaɗai. Ni ɗaya in na yi magana za a ce in ban so in dawo da inji. Amma masu haya a Garwa da Marwa da Gaundare da Kusiri ba kaɗan ba ne. Mu haɗa takarda ɗaya, duk wanda kwantiraginsa ya zo sabuntawa ya ce a liƙa ta: a ba mu izinin karanta ƙidaya da tarihin matsala a kowane lokaci, rahoton wata ya zo dalla-dalla tare da takardar kuɗi, gwajin ma'aikacinsu a cire shi daga lissafi, in ba su iso cikin kwanakin da aka yanka ba mu kira mai gyaranmu kuma a ba shi abin da yake bukata, a rubuta mana abin da injin ke aikawa da wanda ke gani, sannan zancen goge faifai.

Wakili (Kusiri):
Rahoton wata dalla-dalla da izinin karanta ƙidaya, wannan zan iya yi wa masu hayata daga wata mai zuwa, ba sai na tambayi kowa ba. Goge faifai ma ba matsala. Amma mai gyara na waje ya taɓa injin da ke ƙarƙashin garantinmu, wannan ba a hannuna yake ba, kuma gaskiya ko a hannuna yake sai na ga wane ne. A kawo sunayen masu gyaran da kuka yarda da su, in tura sama, in ga ko za a ba su horo a amince da su.

Mai Gyara (Marwa):
Horo ina so, ko gobe. Amma in ku ne za ku zaɓi wanda za a amince da shi, an koma gidan jiya, zaɓin ya bar hannun mai haya. A rubuta cewa abin da na ɓata ni zan biya, abin da ban taɓa ba garantinsa na nan. A kan wannan zan sa hannu.

Wakili (Kusiri):
Zan kai musu haka, ban yi alkawarin amsa ba.

Ɗalibar Shari'a (Gaundare):
Zan rubuta daftarin da Faransanci da Hausa in sa a nan, amma sai wani lauya ya duba kafin kowa ya kai. Baba Abu Amir, ku na Cadi sai an sauya inda aka ambaci dokar Kamaru a sa taku. Duk mai kwantiragi ya turo mini hoton shafin da ya yi zancen ƙidaya da na garanti ta akwatina, ya rufe sunansa da na kamfanin, in ga irin kalmomin da suke sawa.

Maman Ummi (Gaundare):
'Yata ki ƙara layi ɗaya na raba lissafi tsakanin malamai. Kwantiraginmu zai ƙare ƙarshen zangon nan, kuma kwamitin iyaye zai zauna kafin a sabunta.